Gudu a kewayen Assisi: ka haye dutsen Subasio ko ka bi ta cikin zaitun?

Wani ƙanena da ya zo Perugia a ƙasar Italiya koyon Italiyanci ne ya tsare ni da tambaya, wai Yaya ina zan je in yi gudu na gaske, na gaji da zagaye fili ɗaya kamar jakin niƙa. Shi a Kano ya saba, kullum bayan asuba kilomita goma a kan kwalta, ko haki baya yi, kuma yana ji da kansa sosai. Nace masa toh ka hau jirgin ƙasa ka tafi Assisi, minti ashirin da 'yan kai ne daga Perugia, amma kafin ka ɗaura igiyar takalmi zauna in faɗa maka bambancin hanyoyin, don ni sai da gwiwata ta biya kuɗin makaranta kafin na gane.

Garin Assisi kansa a jikin dutse aka manna shi. Kana fitowa daga tasha zaka hango shi can sama, dogo siriri, gidajen duk na dutse mai ɗan ja-ja wanda daga jikin Subasio ɗin aka fasa shi. Akwai ganuwa da ƙofofi kowacce da sunanta, Porta Nuova, Porta Perlici, Porta Cappuccini, duk wanda ya tashi yana jin Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa ba sai an masa bayani ba. Nan ne garin waliyyin Kiristoci San Francesco wanda ya rasu a 1226, aka fara gina babbar majami'arsa a 1228, shine kuma mutumin da ya je har Dimyat a Masar a 1219 ya zauna da Sarki al-Kamil, ɗan ƙanen Salahuddin, ana tsakiyar yaƙi. Abun dariya, garin mita 424 ne kawai sama da teku, wato ko Kano ta ɗan fi shi. Amma Kano shimfiɗe take kamar tabarma, nan kuwa tashar jirgin na ƙasa a wajen mita 200 da 'yan kai, kan dutsen kuma mita 1290, kusan tsayin Jos kenan, kuma duk a cikin 'yan kilomitoci. Wannan tazarar ita ce maganar gaba ɗaya.

Bari in fara sallamar masu sauƙin. Daga Santa Maria degli Angeli inda tashar take akwai hanyar jan bulo da suke kira Mattonata, kusan kilomita 3 har gindin majami'ar, bulolin an rubuta sunayen mutanen da suka bada gudummawa a jiki, kana gudu kana taka Giuseppe da Maria. Farkonta a miƙe take, ƙarshenta ta ɗaga kai. Tana da kyau don ɗumama jiki ko in lokacinka kaɗan ne, amma gefen titi ce, ga motoci ga ayarin masu ziyara da limaminsu a gaba, sai kayi ta cewa permesso permesso kamar mai tura baro a kasuwar Kurmi. In kuma kana son shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zalla to ka zauna a kwarin, ka bi ƙananan hanyoyin gona ta wajen Rivotorto, ko hanyar keke da ta nufi garin Spoleto. Nan ne wurin mai son auna gudunsa da agogo. Sai dai gaskiya in wannan kake so me ya kawo ka Assisi, ai titin Zariya ma ya isa.

Akwai kuma dajin da ke bayan majami'ar, Bosco di San Francesco, hekta 64, ƙungiyar FAI mai kare wuraren tarihi a Italiya ce ke kula da shi tun buɗe shi a 2011. Ana shiga ta wata 'yar ƙofa a jikin katanga, hanya ta gangara cikin inuwa har rafin Tescio. Wuri ne mai sanyi da shiru, da rani ni'ima ne. Matsalarsa yana da lokacin buɗewa da rufewa, sannan gajere ne, kuma mutane sun zo ne don natsuwa, kai kazo kana huci a bayansu, ni dai kunya nake ji. Na barshi a matsayin wurin tafiya da iyali.

Toh yanzu ga inda zaɓin yake da gaske. Gari na gaba a jikin wannan dutsen shine Spello, shima tsohon gari mai ganuwa, kuma shima yana da tashar jirgi a layi ɗaya, kusan minti goma tsakaninsu. Kenan zaka iya tashi daga Assisi da ƙafa ka sauka Spello ka dawo a jirgi. Tambayar kawai ta ina: ta kan dutsen, ko ta gindinsa cikin gonakin zaitun.

Ta kan dutsen ana farawa ne daga Porta Cappuccini, can saman gari, wanda isa wurin ma daga tasha wani hawan ne, ni bas nake shiga har sama don kar in ƙarar da ƙarfina a lunguna. Kana fita ƙofar sai ka karya hagu ka bi gefen ganuwa, alamar ja da fari ce a jikin duwatsu da bishiyoyi, tsofaffin taswira suna kiranta hanya mai lamba 50. Daga nan ba gaisuwa ba komai, hawa ne tsaye a kan tsakuwa mai gangarowa ƙarƙashin ƙafa, cikin kurmi mai duhu. Wanda yace maka ya gudu wannan yankin duka ba tsayawa, ko dai ƙwararre ne ko maƙaryaci. Mutanen da na gani sun iya abun tafiya suke da sauri, hannu dafe da cinya, suna turawa. Ranar farko ni na ɗauka abun kunya ne, na dage sai na yi gudu, kafin minti goma sha biyar ƙirjina kamar an zuba barkono, wata tsohuwa mai sanda biyu da na wuce a ƙasa ta zo ta wuce ni tana cewa piano piano, wato a hankali a hankali, ko kallona bata yi ba.

Bayan hawan sama da mita 300 zaka iso Eremo delle Carceri, wurin da Francesco da almajiransa ke shiga halwa a cikin kogo, yana wajen mita 790. Ta titin mota kilomita 4 ne daga gari, kuma ga wanda yake son hawa amma yana tsoron tsakuwa titin ma zaɓi ne, kwana-kwana ne dai da motoci a ƙarshen mako. A ƙofar wurin ka rage sauti, in gajeren wando ne a jikinka kar ka kutsa ciki, wurin ibadar mutane ne, yanda ba zaka so wani ya shigo masallaci da singileti yana gumi ba. Mutane da yawa a nan suke juyawa, kuma wallahi ba laifi, zuwa da dawowa ya ishi mai matsakaicin ƙarfi ya ji a jikinsa kwana biyu.

In ka ci gaba, bishiyoyin suna ƙarewa kwatsam sai ka fito fili fetal, ciyawa gajera, iska, ba inuwa ko ta tsinke. Saman Subasio ba tsini gare shi ba, a kwance yake kamar bayan kunkuru, shi yasa nan ne gudun ke daɗi, ƙafa ta samu laushi. Kwarin yankin nan na Umbria duka na ƙarƙashinka, Perugia can gefe, kubbar majami'ar Santa Maria degli Angeli ta zama kamar murfin buta. Dawakai da shanu suna kiwo sake ba mai tsaronsu, wasu ranakun ka ga masu tashi da lema suna faɗawa sama daga gefen dutsen. Akwai wani ƙaton rami zagayayye da suke kira Mortaro Grande, ba mutum ya haƙa ba, dutsen farar ƙasa ne ruwa ke cinye shi ta ciki har saman ya lotsa. Kuma wannan dalilin ne yasa ruwa ke wuya a sama, duk abun da aka yi na sama sai ya zurare ƙasa. Akwai maɓuɓɓuga ɗaya ko biyu a hanyar amma kar ka ɗora rayuwarka a kansu, ka ɗauko naka, ni lita ɗaya da rabi nake ɗauka da dabino a aljihu.

Karnukan makiyaya kuma. Farare ne manya, gashi buzu-buzu, daga nesa sai ka rantse tunkiya ce har sai tunkiyar ta miƙe ta yi haushi. Aikinsu tsare garke daga kerkeci, kuma mutum mai gudu a idonsu abun zargi ne. Na taɓa kutsawa kusa da garke ban lura ba saboda abun sauraro na kunnena, sai ga biyu sun tare ni gaba da gefe. Duk addu'ar da na iya na karanto. Abun da ya fisshe ni tsayawa cak da na yi, ban kalle su ido cikin ido ba, na ja da baya a hankali na yi doguwar kewaya. Wanda ya taɓa bi ta rugar Fulani da yamma ya san dokar, ba a gudu ba a ɗaga sanda. Tun ranar na daina toshe kunne a kan dutsen.

Amma duk wannan ba shine abun tsoron ba. Abun da ke karya mutane gangarar ce. Spello na wajen mita 280, kai kuma kana kusan 1290, wato zaka sauke mita dubu a ƙafarka, yawancinsa a kan dutse da tsakuwa, bayan ka riga ka gaji. Mu da muka taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa huhunmu na iya ɗaukar hawa, a hankali dai a kai, amma cinya bata taɓa koyon birki ba. Kowane taku naman gaban cinya ne ke riƙe nauyinka yana miƙewa a lokaci ɗaya, shi ke kawo tsamin da ba ranar zaka ji shi ba, sai jibi. Ni na sauko da kambas ɗin titi mai sulɓin ƙasa, yatsuna suna dukan gaban takalmin har farce biyu suka yi baƙi daga baya suka fita, gwiwar dama kuma ta riƙe a waje, sati uku ina sallah a zaune kan kujera kamar dattijo, abokan zamana suna min tsiya wai Alhaji an dawo daga Arfa. Duka hanyar kilomita 15 zuwa 16 ce, a takarda ba komai ba ce ga mai yin goma kullum, amma ka ware mata awa uku zuwa huɗu in karon farko ne, kar ka lissafa da gudunka na kwalta.

Yanzu ta ƙasan. Ita wannan daga Porta Nuova ake fita, a bi gindin dutsen ta cikin zaitun har Spello, ta haura kilomita goma da kaɗan, haɗin ƙaramar kwalta da burji. Ba shimfiɗe take ba, hawa da sauka ne ƙanana ƙanana, irin wanda zaka iya gudunsa duka ba tare da ka tsaya ba, kuma wannan ne babban bambancin: a sama rabin lokacin tafiya kake, a nan gudu kake da gaske. Gonakin an yi musu matakala da katangar dutse ba siminti, bishiyoyin gajeru masu murɗaɗɗen jiki, ganyen in iska ta kaɗa sai ya juya fari kamar azurfa. Wannan zirin zaitun ɗin daga Assisi har Spoleto hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka shi cikin wuraren noma na gado a 2018. A watan Oktoba da Nuwamba lokacin girbi ne, zaka tarar an shimfiɗa raga kore a ƙarƙashin bishiyoyi har wani lokacin ta ɗan shigo hanya, kar ka taka, abincin shekararsu ne a kai, ka kewaya kace buongiorno. Da na tsaya kallo wata rana wani dattijo ya miƙo min ƙwaya ɗaya yana murmushi, na jefa a baki, ɗacin da na ji ko maɗaci albarka, shi kuwa dariya har da riƙe ciki. Ashe ɗanyen zaitun ba ya ciwuwa.

Aibinta? Akwai motoci jefi-jefi a wuraren kwalta, mararraba da yawa don haka ɓata hanya abu ne mai sauƙi in baka sauke taswira a waya ba, karnukan gida suna haushi ta bayan waya, sannan da rani gefen nan rana yake kallo, zaitun kuma inuwarsa bata da kauri. Kar kace ai ni ɗan Sakkwato ne zafi ba ya min komai, a Yuli da Agusta kwarin nan na haura digiri 35, kuma a Sakkwato ma ba wanda ke gudu da azahar. Kallon ma bai kai na sama ba, wannan ba musu.

Wadda na fi so duk cikinsu ma ba daga Assisi take tashi ba. Daga saman Spello, ta wajen Porta Montanara, akwai siririyar hanya da ta bi tsohuwar magudanar ruwan Rumawa zuwa wani ɗan ƙauye mai ganuwa sunansa Collepino, kusan kilomita 5 zuwa. Ka san magudana ba a gina ta a tsaye, dole ruwa ya gangaro a hankali, shi yasa hanyar ke hawa sannu sannu har baka ji, ƙasa ce mai laushi, gefe ɗaya tsohon ginin dutse gefe ɗaya kwari da zaitun, ga 'yan gadoji. An kafa duwatsu a hanya da aka rubuta maganganun masu hikima, in kana koyon yaren ga darasi kyauta. Sai dab da ƙarshe ne take nuna halinta, hawan shiga Collepino da ke wajen mita 600 a tsaye yake, amma gajere ne, ka taka shi da ƙafa ba wanda zai kama ka. Zuwa da dawowa goma kenan, daidai abun da ƙanena ya saba, ga ɗanɗanon hawa ga ɗanɗanon gangara ba tare da an yi asarar farce ba. Ranar Lahadi da hantsi tana cika da iyalai kuma hanyar bata da faɗi, don haka ka doka sammako. Ga 'yan uwa mata masu son sassarfa da hijabi ma ita zan nuna, ba don komai ba sai don akwai mutane a kusa, ba kaɗaici irin na saman dutsen, kuma ba motoci.

Lokacin shekara na iya juya lissafin duka. Da sanyi, Disamba zuwa Fabrairu, sau da yawa hazo ke rufe kwarin, kana tasha baka ganin gabanka amma sama rana ce tas, ranar irin haka hawa zuwa Eremo sai ka ji kamar ka fito daga cikin kunu. Sai dai can ƙololuwa ana samun ƙanƙara da iska mai yanka kunne, kuma in gajimare ya sauka a filin nan da ba bishiya ba alama, ko'ina iri ɗaya ne, mutum sai ya yi ta zagaye. Afrilu zuwa farkon Yuni shine lokacin dutsen, fure ko'ina, sai dai ka duba ƙafarka da ka dawo saboda kaska a cikin ciyawa. Daga Satumba zuwa Janairu lokacin farauta ne a ƙasar, a kewayen yankin zaka iya jin harbi da haushin karnukan masu bin aladen daji, ka saka riga mai haske kar ka bar hanya. Da azumi kuwa ni ko kusa da saman bana zuwa, magudanar nan nake bi awa ɗaya kafin magariba da dabino a aljihu. Lambar gaggawa 112 ce, ka cika cajin waya, ka kuma gaya wa wani inda ka nufa in ta sama zaka bi.

Maganar takalmi, ta zaitun da ta magudana kambas ɗinka na kullum zai yi in ba a yi ruwa ba. Ta sama dole mai haƙora a ƙasa, kuma ka ƙara rabin lamba a kan girman ƙafarka saboda yatsu su samu wurin motsi a gangara. Na taɓa bari wani mai shago ya lallaɓe ni na sayi wanda ya matse wai zai saki, bai saki ba har yau yana ƙarƙashin gado. A cikin garuruwan akwai famfunan titi, ka cika gorarka, in dai ba ka ga an rubuta non potabile ba, wannan ba na sha bane. In kuma yunwa ta koro ka a Spello ka yi hattara, yankin nan alade ne abun alfaharinsu, duk abun da aka ce porchetta ko prosciutto ko salsiccia ka wuce. Akwai wata gurasa da suke gasawa a kan faranti mai zafi, torta al testo, kace a sa maka cuku da ganye, ka tambaya ko an sa kitsen alade a kwaɓin don wasu na sawa, kalmar ita ce strutto. Tikitin jirgi na takarda kuma ka buga masa hatimi a injin kafin ka shiga, gumi da gajiya basa hana tara.

Abun da na gaya wa ƙanena shine ya yi magudanar Spello sau uku ko huɗu, ya yi ta zaitun daga Assisi sau biyu, sannan ya hau Eremo ya sauko a hankali ya ga yanda cinyarsa zata kwana. In jibi ya iya sauka daga bene ba tare da ya riƙe ƙarfe ba, to ya shirya wa Subasio, mu tafi tare a watan Mayu. Yace toh Yaya, da irin muryar nan da kasan ba a ji ba. Asabar ɗin da ta biyo baya da la'asar sai ga kiransa daga tashar Spello, wai ya haye dutsen shi kaɗai, kallon ya yi kyau sosai, amma dan Allah in zan zo tarbarsa a Perugia in taho da man zafi, kuma wai gidan nasu hawa na nawa ne ma lif ɗin ya lalace.